Mai gashin ƙashi ma bayansa yana ciwo

Assalamu alaikum. Na can baya kuna jina? To madalla. Abubuwa huɗu zan kawo a kan abin da ke jawo wa ɗalibin gashin ƙashi ciwon baya, wato ku ɗin nan da ake koya muku gyaran bayan wasu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya, kuma ana hasashen su kai miliyan 843 a 2050. Kusan kashi 90 cikin ɗari, ko an yi hoto ba a kama wata cuta takamaimai a ce ga ta. Ku riƙe wannan.

Na farko, zama. Lacca tun ƙarfe takwas a kan benci marar majingini, a fito a hau waya, kai a sunkuye. Wani likita ɗan Suwidin, Nachemson, ya auna matsin da ke kan faifan gadon baya, wato ɗan matashin da ke tsakanin ƙasusuwan baya, tun shekarun 1960, ya ga zaman da aka ranƙwafa gaba ya fi tsayuwa danna shi. Kai mai jar hula, gyara zama, da kai nake. (Dariya.)

Na biyu, kuma nan ne zan daɗe, ɗaga majinyaci. Ranar da aka fara tura ku ɗakin marasa lafiya, ranar bayanku ya shiga aiki. A Amurka akwai hukumar NIOSH mai binciken lafiyar ma'aikata a wurin aiki, ta sa iyakar kayan da ma'aikaci zai ɗaga a kilo 23, shi ma sai kayan yana jikinka, ba ka murɗa ƙugu ba. Da aka zo kan majinyaci, wani masaninsu, Waters, ya sauko da shi wajen kilo 16 a 2007. Kilo 16! To Baba mai shanyewar ɓarin jiki da za ki tayar daga gado zuwa keken marasa lafiya, kilo nawa ne? Saba'in, tamanin. Buhun masara ya fi shi sauƙi, don buhu ba ya tsorata ya cafke miki wuya, gwiwarsa ba ta lanƙwashewa a tsakiyar hanya.

Ku duba yadda abin ke faruwa. Gadon gajere ne, ba ya ɗagawa. Kin sunkuya, ƙafafunki a haɗe, keken yana gefe, ba a danne birkinsa ba. Kin ɗago Baba, kin murɗa za ki ajiye shi. Sunkuyo, nauyi, murɗawa, duka a lokaci guda, kuma ƙashin ƙasan baya na huɗu da na biyar ne ke ɗaukar kuɗin. Me ya hana ki kira wani? Kunya. Kada a ce ɗaliba raguwa ce. Maza kuma nuna ƙarfi, musamman in 'yan ajin mata suna kallo. Ƙarya na yi? (Dariya.) Ga ɗan Baba a tsaye, ƙato, yana riƙe da fulas. Ki ce masa, "Yaya, ajiye fulas ɗin, kama nan." Ki matso da keke, ki buɗe ƙafa, ki durƙusa da gwiwa, ki ƙirga da ƙarfi, Baba ma ya taimaka da ƙafarsa mai lafiya. Binciken da aka yi a Ostireliya da Ingila ya nuna masu wannan sana'a sun fi jin rauni a shekaru biyar na farko. Ku ne na layi.

Na uku... ko na huɗu ne? Ƙarancin barci da fargabar jarrabawa, taba sigari, rashin motsa jiki, da wanda ya taɓa yin ciwon a baya, shi ya fi saurin dawo masa. Lokaci ya ƙure, na ga hannu.

Tambaya: Malam, in ya kama mutum, ya kwanta ne har ya warke?

A'a, 'yata. Doguwar kwanciya ƙara shi take yi. Ki rage ɗaukar nauyi, ki ci gaba da tafiya, yawanci cikin 'yan makonni yake lafawa. Amma in ƙafa ta fara mutuwa, ko fitsari ya ƙi riƙuwa, ko tsakanin cinyoyi ya daina ji, wannan asibiti ne a ranar. In kuma akwai zazzaɓin dare da rama, a duba tarin fuka na ƙashin baya, don a nan ƙasar muna ganinsa. Shugaban taro yana nuna mini agogo. Sauran tambayoyin ku same ni a waje.