Amsoshin Tambayoyinku: Kakar 2023/24 a Gasar Championship ta Ingila

Masu sauraro, assalamu alaikum. Tambayarmu ta farko ta fito ne daga wani mai sauraronmu a Gusau, wanda ya rubuto yana neman bayani a kan yadda aka yi ƙungiyar Leeds United ta ƙare a matsayi na uku a gasar rukuni na biyu ta Ingila a kakar 2023/24, amma Southampton da ta zo ta huɗu ita ce ta haura gasar Firimiya. Ya kuma tambaya ko akwai adalci a cikin wannan tsari.

Malam, gasar Championship ƙungiyoyi 24 ne ke fafatawa a cikinta, kowace tana buga wasa 46, kuma biyun da suka zo kan gaba kaɗai ke haurawa kai tsaye. A waccan kakar Leicester City ce ta lashe kofin da maki 97, Ipswich Town ta biyo ta da 96. Gurbi na uku kuwa sai an yi wasannin cike gurbi tsakanin ƙungiyoyin da suka zo na uku zuwa na shida. Leeds mai maki 90 ta fitar da Norwich, Southampton mai maki 87 ta fitar da West Brom, sannan suka haɗu a filin Wembley ranar 26 ga Mayu, 2024, inda ƙwallo ɗaya tilo da Adam Armstrong na Southampton ya jefa tun kafin a tafi hutun rabin lokaci ta raba gardama.

Babu shakka abin da ciwo a ce an tara maki 90 cikin wata tara, sannan minti 90 su rusa komai. Sai dai a ganinmu Leeds ba ta da hujjar kuka da tsarin, domin kowa ya san ƙa'idar tun kafin a take leda, kuma Southampton ta doke ta har sau uku a kakar, ciki har da wasan ranar ƙarshe a gidan Leeds na Elland Road. Baya ga haka, wannan tsari shi ke sa ƙungiyar da take ta takwas ko ta tara a watan Afrilu ta ci gaba da dagewa, maimakon ta naɗe hannu tana jiran hutu.

Wata mai sauraronmu daga Maraɗi ta tambaya ko akwai 'yan wasan Najeriya a cikin ƙungiyoyin da suka haura. Ƙwarai kuwa, Malama. A waccan kakar ta 2023/24, Wilfred Ndidi da Kelechi Iheanacho suna cikin tawagar Leicester ƙarƙashin koci Enzo Maresca, Joe Aribo kuma yana Southampton.

Tambaya ta ƙarshe daga Kumasi take: wace ƙungiya ce ta fi yin bajinta? A nan ba ma jinkiri, Ipswich ce. Leicester da Southampton daga Firimiya suka faɗo, da manyan 'yan wasansu da kuma kuɗin tallafin da ake bai wa waɗanda suka faɗo, alhali Ipswich ta koci Kieran McKenna daga rukuni na uku ta taso a 2023, ba ta tsaya ba sai da ta koma Firimiya, wadda rabonta da ita tun 2002.