Baƙin bel a kareti: wai in ka samu shikenan ka fi ƙarfin duka?

Assalamu alaikum jama'a. Toh, irin wannan bidiyon da kuke gani na san kun sha cin karo da shi a waya, ga saurayi nan da fararen kaya da baƙin bel a ƙugu, ya gyara tsayuwa kamar a fim ɗin Chana, ga kuma wancan da ko takalmi babu a ƙafarsa. Ku ɗan jira... yauwa. An zubar da mai bel. Tunda abin nan ya fara yawo tambaya ɗaya ake ta turo min, wai ashe dama kareti ƙarya ce? Wani ma cewa ya yi in taya shi lissafin kuɗin da ya kashe wa ɗansa a shekara biyu, yana so ya je a biya shi. Alhaji a yi haƙuri tukuna, mu ga inda gizo ke saƙa.

Tarihin a gurguje, don ba shi ya tara mu ba. Kareti ba daga Chana ya fito ba duk da finafinan da muka taso muna kallo, daga Okinawa ya fito, wannan tsibirin da ke can kudancin Japan, kodayake ya ɗebo abubuwa da yawa daga salon faɗan mutanen Chana. Ma'anar sunan a yanzu hannu babu makami. Wannan dattijon da ke hoto shi ne Gichin Funakoshi, malamin makaranta ne, shi ya je Tokiyo a 1922 ya nuna abin a bainar jama'a. Kuma a lokacin da yake koyo a Okinawa babu wani zancen bel, daga wajen 'yan judo ya aro tsarin, wajen Jigoro Kano wanda ya kafa judo a 1882. Kanawa kar ku fara murna, sunan ne kawai ya zo ɗaya. A 1924 Funakoshi ya fara ba ɗalibansa baƙin bel. Su kuwa launukan nan, ruwan ɗorawa, kore, shuɗi, daga baya suka yaɗu, a Turai, ta hannun malaman judo a shekarun 1930. Labarin da ake bayarwa wai farin bel ne ake ɗaurawa ba a wankewa har ya yi baƙi don dauɗa, tatsuniya ce mai daɗin ji kawai. Don Allah ku riƙa wanke kayanku.

Matakan kuma ga su nan suna wucewa. Na ƙasa ana kiransu kyu, kuma lissafinsu da baya-baya yake tafiya, ka fara daga na goma ko na tara kana saukowa har na ɗaya. Fari ne farko, ruwan ƙasa ne na ƙarshe kafin baƙi, na tsakiya kuwa kowace makaranta da jerinta, saboda haka koren bel ɗin wani gidan ba lallai ya yi daidai da na wani ba, kar ku yi musu a kan wannan. Duk bayan 'yan watanni a yi jarrabawa, mai zuwa horo ba fashi yawanci shekara uku zuwa biyar yake ɗauka ya kai baƙi. Abu uku ake dubawa, kihon wato tushen naushi da tarewa da shuri, sai kata, wannan da kuke gani mutum shi kaɗai yana juyawa yana kai wa iska hari a jere, sai kumite, wato karawa da abokin horo.

Nan zan tsaya, don a nan ake samun rashin fahimtar.

Baƙin bel na farko sunansa shodan, kuma in ka fassara shi matakin farko yake nufi. Na farko fa. A wajen su mutanen da suka ƙirƙiri abin, ranar da ka ɗaura baƙi ranar ce aka yarda ka iya baƙi da wasali, yanzu za ka fara karatu. Kamar yaron da ya yi saukar allo ne, an yi walima an ci shinkafa, amma ba wanda zai kawo masa rabon gado ya raba. Mu kuma muka ɗauka digirin ƙarshe ne.

Yanzu ku kalli yadda ake jarrabawar kumite ta masu farawa a salon Shotokan, wato salon karetin da ya samo asali daga Funakoshi, zan rage gudun hoton. Su biyu sun sunkuya sun gaisa. Na hagu ya ja ƙafar dama baya, ya sauke hannu, sai ya buɗe baki ya ce "jodan". Kun ji? Ya sanar ne cewa fuska zai kai wa naushi. Ya faɗa wa abokin karawarsa inda zai buga, ya jira shi ya shirya, sannan ya tako. Taku ɗaya naushi ɗaya, wancan yana ja da baya yana tarewa da damtse sama, har sau biyar, a na biyar ya rama da naushi ɗaya, kuma ku duba da kyau, hannun bai taɓa jiki ba, ya tsaya daf da riga. Wannan shi ne gohon kumite. In an ɗan yi gaba sai a koma taku ɗaya, nan ma ana sanarwa. A wajen masu bel ruwan ƙasa a bar su su riƙa motsi suna zagaya juna, amma har a nan mai kai hari yana faɗin abin da zai yi, lokacin ne kawai yake ɓoyewa. Ma'ana mutum zai iya shafe shekaru yana cin jarrabawa da maki mai kyau, tsayuwarsa tsaf, ƙugunsa na juyawa daidai, ihunsa na tsinka ɗaki, alhali ko sau ɗaya ba a taɓa kawo masa naushin da bai san da zuwansa ba.

Ba raina wannan horon nake ba, wallahi yana da amfani. Shi ke koya maka tazara, wato daga ina hannun mutum zai same ka daga ina ba zai same ka ba, shi ke hana ka rufe ido in abu ya nufo fuskarka, ya kuma sa ƙafarka ta san ja da baya ba ka harɗe ka faɗi ba. Tsani ne ake hawa a hankali don kar a fasa wa sabon ɗalibi hanci a satin farko ya gudu. Matsalar ita ce wasu makarantun a tsakiyar tsanin suke zama, su yi ta raba bel, ɗalibi kuma ya ɗauka ya kai sama.

Ni kaina ya faru da ni, ba ni da hotonsa shi ya sa kuke kallon wannan fankon ɗakin horon. Ina da ruwan ƙasa a lokacin, ina ji da kaina, sai wani abokina da bai taɓa shiga aji ba ya ce mu ɗan gwada da wasa. Na gyara tsayuwa, hannu ɗaya a ƙugu kamar yadda aka koya min, ni a raina ina jiran a fara. Shi kuwa bawan Allah bai san da wani jira ba, kawai ya rufo ni da hannu bibbiyu kamar mai korar kaji, ya cakumi wuyan rigata, sai ga mu a ƙasa yana zaune a kan cikina yana dariya. Kata goma da na haddace ko ɗaya bai zo min a kai ba.

Toh wani zai ce ai akwai 'yan gasa, su ba a sanar musu. Haka ne, kuma suna da sauri kamar walƙiya, sai dai su ma da dokarsu. Ga misali, gasar Olamfik ta Tokiyo da aka yi a 2021, karon farko da aka saka kareti. Wasan ƙarshe na masu nauyi sama da kilo 75, Tareg Hamedi na Saudiyya da Sajad Ganjzadeh na Iran. Hamedi na gaba da maki, sai ya ɗaga ƙafa ya sami ɗan Iran a wajen kai, mutum ya zube a sume aka fitar da shi a gadon ɗaukar marasa lafiya. Wa ya ci zinare? Wanda ya suma. An kori Hamedi saboda bugun ya wuce ƙa'ida, ya tashi da azurfa. A wannan wasan iya tsayar da bugu shi ne gwaninta. Akwai kuma wani salon kareti, Kyokushin, wanda Mas Oyama ya kafa, su da gaske suke jibgar juna a ƙirji da cinya har shuri a kai, amma a gasarsu ba a naushin fuska da hannu, ka ga nan ma da ɗan giɓi. Shi ya sa in aka tambaye ni ɗan damben gargajiya da mai baƙin bel wa zai yi nasara, nakan ce a fara gaya min wanne ne ya saba shan naushi bai rikice ba, ɗan dambe dai mun san amsarsa tun yana yaro.

Saboda haka in don kare kai za ka shiga, ko za ka kai yaro ko yarinya, je ka zauna ka kalli aji ɗaya kafin ka biya ko sisi. Kar ka tsaya ƙirga kofunan da aka jera a kanta. Duba ko manyan ɗalibai suna saka safar hannu da robar haƙori su kara ba tare da sanarwa ba, ko ana koya yadda za ka ƙwace in an riƙe maka wuyan hannu ko riga, da yadda za ka tashi in an kayar da kai. In malam ya yi maka alkawarin baƙin bel a wata shida, ka gaishe shi da kyau ka kama hanya, bel ɗin ai a kasuwa ma ana sayarwa.

Sai maganar wuƙa, tunda rabin masu tambayar 'yan ƙwacen waya ne a ransu. Wannan da kuke gani ana murɗe hannun mai wuƙa a hankali yana faɗuwa da kansa, wuƙar roba ce, kuma abokinsa ne. In ka ga ƙi gudu sa gudu ne bai zo ba. Miƙa wayar, ka ja da baya kana kallon hannunsa, in ka sami sarari ka zura da gudu kana ihu inda mutane suke, gobe ka je a toshe layin a yi maka sabo.