Kififiya mai cizo: daga korama zuwa tukunya a karkarar Amurka

Jama'a, ku dubi bakin kififiyar nan da kyau. Babu haƙori ko ɗaya a ciki, amma in ya damƙi yatsa, sai an yi da gaske kafin ya saki. Wannan ita ce kififiya mai cizo, wadda ke zaune a tafkuna da koramu tun daga kudancin Kanada har Florida. Babba takan kai kilo 10 zuwa 15, wata ma ta zarce haka.

In aka birkice ta, za ku ga dalilin faɗanta. Ƙoƙon cikinta ɗan mitsitsi ne, ba ta iya shigewa ta ɓuya kamar kunkuru. A cikin ruwa ba ta neman rigima, sulalewa take yi. A tudu kuwa babu wajen gudu, sai cizo, ga dogon wuya da ke lanƙwasowa har bisa bayanta.

To yaya ake kama ta? Wasu suna kafa tarkon raga da yamma, su sa gunduwar kifi a ciki, su bar saman tarkon a waje don ta samu numfashi. Wasu ƙugiya suke ɗaurawa a jikin jarka, su jefa a tafki, da sassafe su bi jarkar da ke yawo. Sai kuma 'yan ganganci, irin na jihohin Kentucky da Indiyana, masu shiga korama su zura hannu cikin ramukan gaɓa suna lalube. Dabararsu ita ce kififiya da kai take shiga rami, don haka wutsiya za ka fara taɓawa. Ranar da ta juyo fa? Allah ya kiyaye.

Kamawa ma ba ita ce wahalar ba. Da yawa sukan sa ta cikin duro na kusan mako guda, ana canza ruwa kullum, har warin taɓo ya fita. Bayan an yanka ma ba a gama ba: kan da aka cire yana iya cizo, ƙafafu kuma su yi ta motsi ana fiɗa. Naman yana ƙafafu huɗu da wuya da wutsiya, da wasu siraran tsoka biyu a cikin ƙoƙon baya. Mutanen can sukan ce nama iri bakwai ne a jikinta, har da na kaza da na sa da na kifi. Zuguguwa ce, amma da ɗan gaskiya: naman wuya fari ne, na ƙafafu ja.

Ga wannan kitse mai ruwan ɗorawa, ku lura, duk sai an kankare shi. Yana ɓata ɗanɗano, kuma a cikinsa gubar masana'antu ke taruwa. Dabba ce mai shekaru da yawa, abin da ta tsinta a gurɓataccen ruwa yana nan a jikinta, shi ya sa hukumomin lafiya a wasu jihohi ke gargaɗin masu juna biyu da yara.

Naman da tauri, sai an tafasa ya yi laushi tukuna a turbuɗa shi a fulawa da barkono a soya. Wasu farfesu suke yi da dankali da albasa da tumatir. A birnin Filadelfiya miyarta tsohon abinci ne na gidajen cin abinci, mai kauri, har sukan ɗiga mata giya.

Amma ba ko'ina ake barin kamu ba. A arewacin yankin da take zaune, mace takan yi shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara ƙwai, ta zuba 20 zuwa 40, yanyawa da rakun (wata 'yar dabbar dawa ta can) su tone yawancinsu. In aka kwashe manya, tafki ya daɗe bai farfaɗo ba. Lardin Ontariyo na Kanada ya hana farautarta a 2017. Jihar New York ta yarda, amma da lasisi, daga 15 ga Yuli zuwa ƙarshen Satumba, kuma sai wadda tsawon ƙoƙon bayanta ya kai inci 12.