Canjin ɓangaren gwiwa: me ya sa aka fi sake tiyatarsa?

Ga gwiwa nan an buɗe ta. Ɗaki uku ne: na ciki, na waje, da na ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa. A wajen mutane da yawa, na ciki kaɗai guringuntsinsa ke cinyewa. Sai likita ya kankare nan kurum, ya sa ƙarfe sama da ƙasa, roba a tsakani. Jijiyoyin nan biyu da suka gitta juna a tsakiya, ba a taɓa su. Wannan shi ne canjin ɓangare; cikakken canji kuwa ba ɗaki ɗaya kaɗai yake taɓawa ba, fuskar gaɓar gaba ɗaya ake sauyawa.

To, ga abin da ke tsorata jama'a. Wani nazari da mujallar Lancet ta buga a 2019 ya nuna cewa bayan shekara 25, kashi 82 cikin 100 na cikakken canjin gwiwa suna nan daram, na ɓangare kuwa kashi 70. Sai aka ce ai shi ke nan, na ɓangare ba shi da ƙarko.

Ku dakata tukuna. Me aka ƙirga? An ƙirga waɗanda aka mayar ɗakin tiyata ne, ba waɗanda ke fama da ciwo ba.

A ce ga mutane biyu, ɗaya an yi masa na ɓangare, ɗaya cikakke. Ciwonsu ɗaya, dukansu suna ɗingishi. Mai ɓangare, likita ya san cire masa ƙarfen a sa cikakke aiki ne mai sauƙi, sai ya ce a sake. Mai cikakke kuwa, sake tasa babban aiki ne, ƙashi zai ƙara tafiya, sai a ce ya yi haƙuri, ga magani. Na farko ya shiga lissafin gazawa. Na biyu yana gida yana cije baki, amma a takarda lafiyarsa ƙalau. Ni dai wannan lissafi bai gamsar da ni ba.

A Birtaniya an raba marasa lafiya 528 gida biyu ta hanyar ƙuri'a, wasu aka yi musu na ɓangare, wasu cikakke, a wani gwaji mai suna TOPKAT. Bayan shekara 5, sauƙin ciwo kusan ɗaya, sake tiyata ma kusan ɗaya, na ɓangare ya fi araha. Rajistar tiyatar canjin gaɓɓai ta Ingila da Wales kuma ta nuna masu ɓangare sun fi saurin barin asibiti, kuma ƙarin jini, daskarewar jini, bugun zuciya da mutuwa bayan tiyata sun fi ƙaranci a cikinsu.

Ba wai na ɓangare ba ya lalacewa ba ne. Ƙarfen kan saki, roba kan goce, ciwon kan tsallaka ɗaya ɗakin. Wanda jijiyarsa ta tsakiya ta tsinke, ko mai amosanin da ke kumbura gaɓɓai, galibi ba nasa ba ne.

Hannun likita ma na da nasa. Wanda ke yin tiyatar ɓangare jefi-jefi, marasa lafiyarsa sun fi komawa tiyata. Saboda haka kada a ji nauyi, a tambaye shi: "Likita, irin wannan guda nawa kake yi a shekara?"