Hutun haihuwa ya ƙare, wa zai riƙe yaron?

[Hoto: kalanda a bango, hannu yana zagaye wata rana da jan biro]

Ku riƙe wannan ranar a ranku, za mu dawo gare ta. Ita ce ranar da uwa za ta koma bakin aiki bayan haihuwa.

Kwanan nan maganar hutun haihuwa ta sake tasowa. Wasu na cewa a mayar da shi wata huɗu, wasu wata shida, wasu ma shekara guda. Yawancin masu maganar kuma sun ɗauka cewa da zarar an tsawaita hutun, matsalar renon yara ta zo ƙarshe. A nan ne ruɗanin yake, shi ya sa muka yi wannan bidiyon. Hutun haihuwa daban, renon yaro daban, kuma tsakaninsu akwai wani rami mai zurfi wanda iyaye ke faɗawa ciki ba tare da kowa ya gargaɗe su ba.

[Hoto: yanke-yanke da sauri, kaka riƙe da jariri, mai reno a falo, ɗakin wasan yara, uwa a wurin aiki da jariri a gefenta]

Zaɓin da ke gaban iyaye duk kun san shi, ba sai na tsaya a kai ba. Ko a bar yaro wurin kaka ko wata 'yar uwa, ko a ɗauko mai reno ta zo gida, ko a kai shi gidan reno, ko uwa ta tafi da shi wurin aikin idan aikin zai yarda, ko kuma ɗaya daga cikin iyayen ya ajiye aiki. Idan aka zo kan na ƙarshen nan, kusan kullum uwar ce ke ajiyewa. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta a 2018 cewa mata miliyan 606 ba sa aikin samun kuɗi saboda hidimar kula da iyali. Mazan da ke cikin irin wannan halin miliyan 41 ne.

[Hoto: doguwar layi a kan allo, an raba ta wata-wata, daga haihuwa zuwa shekara shida]

To, yanzu mu yi lissafi a hankali.

Wannan layin rayuwar yaro ce, daga ranar da aka haife shi zuwa ranar da zai shiga firamare. A ƙasashe da yawa shekara shida ke nan, wato wata 72.

Yarjejeniya mai lamba 183 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka amince da ita a shekarar 2000, ta ce kada hutun haihuwa ya gaza mako 14, kuma a biya uwa aƙalla kashi biyu cikin uku na albashinta. Mako 14 wata uku ne da 'yan kwanaki. Bari mu shafa wa wannan ɓangaren koren fenti.

[Hoto: ɗan ƙaramin yanki a farkon layin ya zama kore, sauran ya tsaya fari]

Kun ga inda koren ya tsaya? Duk farin da ya rage, kusan wata 69, lokaci ne da uwa ta koma aiki, uba yana aiki, yaro kuma bai kai shiga makaranta ba. Wannan shi ne giɓin. Masana sun ba shi suna, suna aunawa daga ranar da hutun da ake biya ya ƙare zuwa ranar da doka ta ba yaro damar samun gurbi kyauta a makarantar reno ko firamare. Da Ƙungiyar Ƙwadago ta auna shi a faɗin duniya, matsakaicinsa ya haura shekara huɗu.

Yanzu mu gwada abin da mutane ke nema. A ninka hutun, a kai shi wata shida.

[Hoto: koren ya ɗan matsa gaba]

Ya matsa, gaskiya ne. Kuma ni ina goyon bayan wata shidan nan ɗari bisa ɗari, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shayar da jariri nonon uwa zalla tsawon wata shida, kuma ba adalci ba ne a faɗa wa uwa haka sannan a ce ta dawo aiki tun jaririn bai cika wata uku ba. Kada ku manta, wani ɓangare na hutun kafin haihuwa ake cinye shi, lokacin da ciki ya tsufa. Amma ku sake duban allon. Bayan an ba da wata shida, saura wata 66. Yaro ɗan wata shida bai iya tafiya ba, bai iya magana ba, ba zai iya faɗa muku abin da aka yi masa da rana ba. Ranar nan da muka zagaye a kalanda tana nan, an dai ɗaga ta ne zuwa gaba.

Shi ya sa idan kuka ji wata ƙasa ta yi sabuwar doka, tambayoyi biyu za ku yi tare. Yaushe hutun ke ƙarewa? Yaushe kuma yaro ke samun gurbin da iyayensa za su iya biya? Tazarar da ke tsakanin amsoshin nan biyu ita ke nuna ko dokar ta taɓa rayuwar iyali.

[Hoto: layuka uku a jere, kowanne da tutar ƙasarsa]

Mu ga yadda abin yake a wurare uku.

Suwidin ta fara bai wa uwa da uba hutu tare tun 1974. A yau hutun kwana 480 ne ga yaro ɗaya, kuma kwana 90 na uwa ne, 90 na uba, ba a iya miƙa wa juna su. Idan uba bai ɗauki nasa ba, sun tafi. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne ɗaya gefen: daga shekara ɗaya, yaro yana da haƙƙin samun gurbi a makarantar reno, kuma ƙaramar hukuma ce ke da alhakin samar da shi. Ku dubi layin nasu, koren hutu ya shiga cikin koren reno, babu fari a tsakani.

Amurka kuwa, dokar tarayya ta 1993 ta ba da mako 12, amma ba tare da albashi ba, kuma ba ta hau kan ƙananan kamfanonin da ma'aikatansu ba su kai 50 ba. Wasu jihohi sun yi nasu tsarin na biyan kuɗi, amma a matakin ƙasa babu. Ƙasa mai arziki irin wannan, kuma layinta fari ne kusan tun daga farko.

Ta ukun ita ce Jamus, kuma a nan nake so ku natsu. Tun watan Agustan 2013 doka ta ce duk yaron da ya cika shekara ɗaya yana da haƙƙin gurbi. A takarda giɓin ya rufe. A zahiri gidajen renon ba su wadata ba, ma'aikatan ma ba su wadata ba. Har wasu iyaye mata uku a birnin Laifzig suka kai ƙara, saboda rashin gurbi ya hana su komawa aiki a kan lokaci, kuma a 2016 babbar kotun tarayya ta ce iyaye na iya neman diyyar albashin da suka rasa idan sakacin hukuma ne ya jawo. Wato bayan an rubuta doka, sai an gina ɗakuna, an horar da mutane, an biya su abin da zai sa su zauna.

[Hoto: mai reno ɗaya a kan tabarmar wasa, jarirai uku kewaye da ita, ɗaya yana jan zanen ɗaya]

Wani zai ce, to me ya sa gidan reno ke da tsada haka, alhali masu renon ma ba wani albashin kirki suke samu ba?

Amsar tana cikin hoton nan. Ku ƙirga hannayenta. Biyu ne. A Ingila doka ta ce ga yaran da ba su kai shekara biyu ba, babba ɗaya ga yara uku. Idan sun kai shekara uku, babba ɗaya na iya kula da takwas, har ma 13 idan ƙwararren malami ne. Ma'ana, albashin mace ɗaya, iyalai uku ne kacal ke haɗa shi a ɗakin jarirai, ga kuɗin haya, ga wuta, ga ruwa, ga tsafta. Malamin firamare zai iya tsayawa gaban yara talatin ya koyar. Jarirai talatin kuwa, wanda ya taɓa riƙe guda ɗaya yana kuka da tsakar dare ya san ba mai yiwuwa ba ne.

Saboda haka shekarun da suka fi tsada su ne na farko, daidai lokacin da hutu ya ƙare, kuma daidai lokacin da yawancin gwamnatoci ba sa sa hannu. Taimakonsu yakan fara ne daga shekara uku ko huɗu, inda abin ya fi araha. Idan aka bar wa kasuwa kawai, ɗayan abu uku ne ke faruwa: ko iyaye su biya abin da ya fi ƙarfinsu, ko a danne albashin mai reno, ko a cusa yara fiye da kima a ɗaki ɗaya. Na ukun nan shi ne ke hana ni barci.

[Hoto: ƙofar ofis, takardun neman aiki a kan tebur]

Sai batun wa zai biya. Da sauri zan wuce, amma kada ku raina shi.

Abin da ke fara zuwa zuciya shi ne a ɗora wa mai kamfani. Ƙasar Cile ta gwada: duk kamfanin da ke da mata 20 ko fiye, dole ya samar da wurin reno ga 'ya'yansu 'yan ƙasa da shekara biyu. Niyyar mai kyau ce. Amma ku sa kanku a matsayin mai kamfanin da ke da mata 19, ga mace ga namiji sun zo neman aiki. Kun riga kun san wanda za a ɗauka. Indiya, a gyaran dokarta na 2017, ta kai hutun mako 26, kuma wajen tilasta samar da wurin reno ta ƙirga ma'aikata 50 gaba ɗaya, maza da mata. Wannan dabara ce, sai dai albashin hutun har yanzu a wuyan mai kamfani yake. Ita kuwa waccan yarjejeniyar ta 2000 ta fi son a biya daga asusun inshorar ma'aikata ko baitulmalin gwamnati, don kada ɗaukar mace aiki ya zama abin gudu.

[Hoto: mata a gona, a wurin ɗinki, a gefen titi da kayan sayarwa, sautin wurin ya ɗan tashi, murya ta dakata na 'yan daƙiƙu]

Duk abin da na faɗa zuwa yanzu, masu takardar ɗaukar aiki ya shafa. Kusan kashi 60 cikin ɗari na masu aiki a duniya, kimanin mutum biliyan biyu, ba su da ita. Mai sana'ar hannu ba ta da ranar da za ta zagaye a kalanda, domin ranar da ba ta fita ba, ba a ci ba. Layinta babu kore ko ɗigo. Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2021 cewa yara kusan miliyan 350 da ba su kai shiga firamare ba suna buƙatar reno amma ba su samu ba, fiye da kashi 40 cikin ɗari na yaran da ke wannan shekarun.

Kuma yaran nan ba a iska suke ba, wani ne ke riƙe da su. Sau da yawa kaka ce, wadda ita ma jikinta ya fara neman hutu. Allah ya saka wa kakanni da alheri, amma ba kowane iyali ke da kaka a kusa ba, kuma ba a gina tsarin ƙasa a kan gwiwoyin tsohuwa. Sau da yawa kuma yayar yaron ce, 'yar shekara tara ko goma, wadda ta kamata a ce tana aji. Wannan yarinyar ce ke biyan kuɗin giɓin da karatunta, kuma babu kasafin kuɗin da sunanta ke ciki.

[Hoto: cikin gidan reno, kyamara na bin ƙasa a tsayin idon yaro]

Idan kuna cikin masu neman gurbi yanzu, kada fentin bango da kayan wasa su ɗauke muku hankali. Ku ƙirga manya, ku ƙirga yara. Ku tambayi shekara nawa masu renon suka yi a wurin, domin jariri yana shaƙuwa da fuska ne, kuma inda ake sauya ma'aikata kowane wata akwai abin da ke korar su. Ku tambaya ko za ku iya shigowa ba tare da sanarwa ba. Ku tsaya ku saurara ko ana yi wa yaran magana, ko kuwa an jera su ne gaban talabijin.

Sannan ku tambayi ƙarfe nawa ake rufewa.

[Hoto: agogo ya nuna ƙarfe bakwai na yamma, ma'aikaciyar jinya tana sa takalmi, yaro riƙe da gefen rigarta]

Domin akwai wani giɓin cikin giɓin. Yawancin gidajen reno an tsara su ne don mai aikin safe zuwa la'asar. Ma'aikaciyar jinya da za ta kwana a asibiti, mai gadi, direba, mai aikin masana'anta da ke shiga da dare, duk lokacin da suke buƙatar wurin ƙofarsa a kulle take. Ƙasar Finlan ta sa wannan a doka: ƙananan hukumomi dole su tanadi renon yamma, na dare da na ƙarshen mako ga yaran da aikin iyayensu ko karatunsu ya buƙaci haka. A irin waɗannan gidajen akwai gadajen kwana, akwai mai reno da ke zaune a farke har gari ya waye, uwar kuma idan ta tashi daga aiki da safe sai ta biyo ta ɗauki ɗanta.

[Hoto: fitila ɗaya a kunne a tagar gidan reno, waje duhu, hoton ya tsaya a haka]