Biza ba izinin zama ba ce: kwana takwas na farko a Italiya

Tambayar da ta cika ƙasan bidiyonmu na baya ita ce: "Na samu bizar karatu, an buga mini a fasfo, shi ke nan ko?" A'a, da saura.

Bari mu ɗauki Perugia, wani birni a tsakiyar Italiya. Ginin nan da kuke gani kusa da tsohuwar ƙofar gari shi ne Palazzo Gallenga, mazaunin Università per Stranieri, jami'ar da aikinta koya wa baƙi Italiyanci, daga matakin farko, A1, har na ƙarshe, C2. Ka yi rajista, ka biya, su aiko da takardar karɓa, ka kai ofishin jakadanci da shaidar kuɗi da masauki da inshorar lafiya. In karatun ya wuce kwana 90, biza nau'in D za a ba ka. Wannan kowa ya sani, mu wuce.

Biza ƙofa kawai ta buɗe maka. Abin da ke halatta maka zama shi ne permesso di soggiorno, wato katin izinin zama, kuma dole ka nema cikin kwanakin aiki 8 daga ranar da ka shigo ƙasar. Ranar shigowa fa, ba ranar fara aji ba. Nan mutane ke faɗawa rami: mutum ya iso mako biyu kafin karatu, yana ta ɗaukar hoto da shan gelato, askirim ɗin Italiya, lokaci na tafiya.

Kuma ba ofishin 'yan sanda za ka fara zuwa ba. Gidan waya za ka nufa, wanda ke da tagar Sportello Amico, ka ce a ba ka kit, wato ambulan fam ɗin neman izinin, mai ratsin rawaya. Ga ambulan ɗin. Cike fam da baƙin biro, manyan baƙaƙe, harafi ɗaya a kowane akwati. Sannan ka nemi shagon taba mai alamar T, ka sayi marca da bollo ta yuro 16, ka manna. E, a shagon taba ake sayar da kan sarkin gwamnati. Italiya ke nan.

Cikin ambulan, ban da fam ɗin, fotokwafin takardu kawai ake sawa: fasfo, takardar makaranta, inshora. Na ainihi su zauna a hannunka. Kada ka liƙe bakinsa, domin ma'aikacin zai duba ciki kafin ya karɓa. Ka tanadi yuro 30 na aikawa, da yuro 70.46 na katin da harajinsa in zaman bai wuce shekara ba.

Za a miƙo maka rasit da ranar zuwa Questura, babban ofishin 'yan sanda, don ɗaukar zanen yatsu. Rasit ɗin nan, ka riƙe shi kamar ƙwai a cokali. Katin kan ɗauki watanni bai fito ba, kuma kafin nan shi ne shaidarka. Ɗauki hotonsa a waya tun kana bakin tagar.

To, yanzu a sha iska. Hau tudu zuwa tsakiyar gari. Wannan maɓuɓɓugar ruwa ta ado ita ce Fontana Maggiore, aikin Nicola Pisano da ɗansa Giovanni, an gama ta a 1278. Gefenta ginin Palazzo dei Priori, inda taskar zane-zane ta Galleria Nazionale dell'Umbria take, cike da zanen Perugino, malamin shahararren mai zane Raffaello.

A ganina ajin Italiyanci mafi araha shi ne ƙananan allunan da ke ƙarƙashin zanen. Olio su tela, fentin mai a kan ƙyalle. Tempera su tavola, launin da aka kwaɓa da kwaiduwar ƙwai a kan katako. Affresco kuwa a kan ɗanyen shafen bango ake yinsa kafin ya bushe, shi ya sa mai zanen ba ya shafa sai iya abin da zai gama a yini guda. Kwafe kalmomin a littafinka, ka kai wa malama gobe.

Lahadin farko na kowane wata, gidajen tarihi na gwamnati kyauta ne. Sai dai ka yi sammako, layi ba ya wasa.