Darasi: Yadda Ake Ba Shukar Tukunya Ruwa Ba Tare Da An Kashe Ta Ba

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau kan ban-ruwa za mu yi magana, domin tambayar da kuka fi turowa ke nan: "Kullum ina ba shukata ruwa, amma ganyenta sai rawaya yake yi yana zuba." To, wannan kullum ɗin ita ce matsalar. Yawancin shuke-shuken da ke mutuwa a tukunya ruwa ne ya yi musu yawa, ba ƙishirwa ba.

Ku matso ku ga wannan. Ganyen ƙasa sun yi rawaya, na sama sun yi yaushi. Duk wanda ya gan ta zai ce ruwa take so. Amma ku dubi ƙasar, jagab take. Bari in zare ta daga tukunyar... yauwa. Kun ga saiwar? Ta yi baƙi, ta yi laushi, ina taɓa ta tana saɓulewa. Da kuna kusa da kun ji wari. Lafiyayyar saiwa fara ce ko ruwan madara, kuma da ƙarfinta.

Abin da ya faru shi ne, saiwa tana numfashi. Tsakanin ƙwayoyin ƙasa akwai 'yan ƙofofi da iska ke zama, daga nan saiwa ke samun iskar da take rayuwa da ita. Idan ruwa ya cike ƙofofin nan kwana da kwanaki, sai saiwar ta shaƙe. Daga nan ƙwayoyin cuta masu son danshi, irin su Pythium da Phytophthora, su samu hanya, ruɓa ta fara. Saiwar da ta ruɓe kuwa ba ta iya jan ruwa zuwa sama, shi ya sa ganyen ke yaushi alhali tukunyar cike take da ruwa. Mai shuka ya ga yaushi, ya ƙara ruwa, abu ya ƙara lalacewa.

To yaya za ka san lokacin ban-ruwa? Ka manta da lissafin ranaku. Shuka ɗaya a tukunya ɗaya, abin da za ta sha lokacin zafi da iska daban, lokacin sanyi ko damina daban. Yatsa za ka sa. Ka nutsa shi kamar santimita 3 zuwa 5, wato wajen gaɓa ta biyu. Ka ji danshi, ka ƙyale ta sai gobe ko jibi. Ka ji a bushe, sai ka ba ta. Masu tara ruwa a ganye, kamar alobera da moɗa, su kam sai ƙasar ta bushe har can ƙasa. Wata dabarar kuma, ka riƙa ɗaga tukunyar bayan ka ba ta ruwa da kuma bayan ta bushe. Ba da daɗewa ba hannunka zai gane bambancin nauyin.

In ka tashi bayarwa, ka bayar sosai. Ban yarda da ɗan yayyafin nan na kowace safiya ba, don saman ƙasa kawai yake jiƙawa, saiwar ƙasa ba ta gani. Ka zuba a hankali, a kan ƙasa, kewaye da gindin, har sai ka ga ruwa yana fita ta ƙasan tukunya. Bayan kamar minti 30 ka zubar da wanda ya taru a farantin da ke ƙarƙashi. Kada tukunya ta kwana a cikin ruwa. Banda ruɓa ma, sauro yana ƙyanƙyasa a irin wannan ruwan.

Wannan ya kawo mu kan tukunyar kanta. Dole ta kasance da huji a ƙasa, komai kyanta. In kin sayi wata mai ado wadda ba ta da huji, Hajiya, kada ki jefar: ki dasa shukar a ta roba mai huji, ki saka ta cikin mai adon, lokacin ban-ruwa ki ciro ta. Na san wani zai ce ai yana zuba tsakuwa a ƙasan tukunya don ruwa ya tsane. Ba ya aiki. Ruwa ba ya sauka daga ƙasa mai laushi zuwa tsakuwa sai ƙasar ta jiƙe sharkaf, don haka jiƙaƙƙen wurin matsowa sama yake yi, kusa da saiwa. Tukunyar yumɓu tana saurin bushewa don jikinta na fitar da danshi, ta roba tana riƙewa, sai ka san da wadda kake aiki.

Yanzu mu ceci wannan. Na kakkaɓe tsohuwar ƙasar, na wanke saiwar. Almakashi ne wannan, na goge shi da sifirit. Duk inda ya yi baƙi ina yankewa har sai na kai inda yake fari. Tunda saiwar ta ragu, zan rage ganye kaɗan, don ragowar ba za ta iya ɗaukar nauyinsu duka ba. Tukunyar da zan mayar da ita ƙarama ce, daidai saiwar. Babbar tukunya ga ƙaramar shuka tarko ce, ƙasar da saiwa ba ta kai gare ta ba sai ta yi ta riƙe ruwa. Ko lafiyayyar shuka za ka sauya wa mazauni, faɗin sabuwar tukunyar kada ya wuce na tsohuwar da fiye da santimita 5.

Haɗin ƙasar: kashi biyu ƙasa mai kyau, kashi ɗaya takin gargajiya da ya ruɓe sarai, kashi ɗaya yashi mai tsakuwa-tsakuwa. Ku kula, ban ce ɗanyen taki ba, shi ƙona saiwa yake. Ka damƙa haɗin da ɗan danshi, in ya dunƙule kuma ka taɓa shi ya warware, ya yi. In ya manne kamar laka, ƙara yashi.

Na dasa, na danna gefe-gefe a hankali, ban da kirɓawa. Ruwa sau ɗaya, sai in ajiye ta inda haske yake sosai amma rana ba ta dukanta kai tsaye. Haske ma yana cikin lissafin ruwa: shukar da ke lungu mai duhu ba ta shan ruwa da sauri, ƙasarta takan daɗe ba ta bushe ba. In kun ga wasu 'yan baƙaƙen ƙudaje suna tashi daga saman ƙasa, su ma alama ce danshi ya yi yawa.

Takin zamani irin su NPK kada ya kusance ta sai bayan wata guda ko fiye, idan kun ga sabon toho. Ko a lokacin, rabin abin da aka rubuta a jikin leda ya isa. Darasi na gaba za mu dubi darɓa da fararen ƙwarin nan masu kama da auduga da ke maƙalewa a bayan ganye. Sai mun haɗu, a huta lafiya.